Rabin Yaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mai lamba ya zo gidan Hajiya Yalwa ba, ko da kuwa zan manta sunayen jikokina (dama na fara, kullum sai na kira wannan da sunan wancan). A Madabo abin ya faru, cikin birnin Kano, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai. Lokacin ina 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku. Ba wanda ya riƙe ranar haihuwata, saboda haka kada a kama ni da wannan.

Gidan Hajiya gidan marayu ne, amma mu ba ma kiransa haka, gida kawai muke cewa. Mijinta falke ne mai safarar goro, ya rasu ya bar mata ƙaton gida, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya rayu. Sai ta buɗe ƙofa ga yaran da ba su da kowa. Attajiran kasuwar Kurmi su ke aiko da gero da dawa fisabilillahi, da Sallah kuma a aiko da yadi a ɗinka mana kaya iri ɗaya, mu fito kamar 'yan tsaki. Ni daga ruga aka kawo ni, bayan iyayena sun rasu a shekara guda. Kawuna ya riƙo hannuna har zaure, ya ce zai dawo bayan kaka. Bai dawo ba.

Zaman gidan ba wuya, ba kuma hutu. Da asuba Inna Tabawa mai girki za ta tashe mu da muryarta mai kama da kakaki, a yi salla, a share tsakar gida, a ja ruwa a rijiya, a sha koko. Daga nan sai zaure, wajen Malam Sule, kowa da allonsa. Da yamma wani malamin elementare yana zuwa ya koya mana baƙaƙen boko da lissafi, mu rubuta da yatsa a ƙasa. Tsakanin wannan da wancan, mu 'yan mata ga surfe, ga kaɗi, ga wankin ƙanana.

Ni ce babba a cikin yaran, kowa Yaya yake ce mini. Ni ke raba tuwo, ni ke raba faɗa, ni ke yi wa ƙanana kitso. Kuma Allah ya ba ni baki. In muna kaɗi sai in yi ta ba su labarin ruga, yadda na kori kura da sanda ni kaɗai a bakin garke (gaskiyar magana kare ne, kuma shi ya kore ni). Yaran birni ba su taɓa ganin daji ba, duk abin da na faɗa sai su buɗe baki. Wadda ta fi kowa yarda da ni ita ce Ladidi, autar gidan, 'yar mitsitsiya da ba ta wuce shekara biyar ba. Tabarma ɗaya muke kwana, kuma ba ta barci sai ta riƙe gefen zanena.

To, da rani a shekarar nan sai agana ta shigo unguwa. Yara na yanzu ba su san agana ba, Allah ya sa kada su sani. Ciwo ne da ke feso wa mutum ƙuraje daga kai har tafin ƙafa, in bai kashe shi ba ya bar shi da zanzana ko makanta. Hajiya ta san ta sarai, don ita ta ɗauke mata 'ya'ya, ta kuma bar mata tabo a fuska. Da aka fitar da gawar wani yaro daga gidan da ke kallon namu, sai ta aika wa mai unguwa cewa in masu lamba, wato masu yin rigakafin agana, sun shigo, a fara da gidanta.

Sai dai mutanen unguwa tsoron lamba suke kamar tsoron ciwon kansa. Wasu su ce hannu ruɓewa yake, wasu su ce jinin yara ake ɗiba. Maƙwabta har ɓoye 'ya'yansu suke a rumbu. Labarin ya shigo gidanmu ta bakin masu talla, yara suka ruɗe, Ladidi ta daina cin abinci.

Ana gobe za a zo, Hajiya ta kira ni ɗakinta. Na durƙusa.

Ta ce, "Ke ce babba. Abin da kika yi shi za su yi. Gobe ke za ki fara miƙa hannu, kin ji ko?"

Na ce, "Hajiya, wannan ai ba wani abu ba ne."

Da a ce na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma ina fitowa na tara yara a gindin rijiya, na bugi ƙirji. Na ce ni ko ido ba zan ƙifta ba. Na ce duk wanda ya yi kuka gobe, to kada ya ƙara kirana Yaya. Har cewa na yi in mai lamba yana so, ya yi mini a hannu biyu (ban san wanda ya aike ni ba). Ladidi ta ci tuwonta tas a ranar.

Da hantsi sai ga mai lamba, wani dogon mutum cikin kaki, riƙe da ɗan akwati. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Hajiya ta zauna a kujerarta, muka jeru, ni a gaba, Ladidi a bayana. Har lokacin lafiya lau nake, ina ma waiwayawa ina harare-harare.

Sai ya buɗe akwati, ya kunna wata 'yar fitila mai shuɗiyar wuta, ya ɗauko wani siririn ƙarfe ya kara a kan wutar.

Jama'a, ƙarfe a wuta abu ɗaya yake nufi a wajen 'yar ruga. A take na ga babana ya danne saniya yana yi mata lalas, na ji kukanta, har ƙaurin fatar na ji a hancina. Mai lamba ya ɗago ya ce, "Bismilla, 'yammata, matso."

Na ce, "Hajiya, bari in kama ruwa."

Ta dube ni, ta ce, "Yi maza."

Na yi maza kuwa, amma ba bayi na nufa ba. A bayan madafa akwai rariya a gindin katanga, inda ruwan wanke-wanke ke fita zuwa lungu. Ruwan damina ya zaizaye ta har ta yi faɗi, awaki ma ta nan suke shigo mana. Na sha ganin ƙananan yara suna bi. Abin da na manta shi ne, ni ba ƙaramar yarinya ba ce. Na kwanta rub da ciki a cikin taɓo, na tura hannuwa, na tura kai. Kafaɗu suka wuce da ƙyar. Ƙugu ya ce bai san zancen ba. Na yi gaba, ya ƙi. Na yi baya, zanena ya naɗe ya cushe ramin. Shi ke nan, kaina da hannuwana suna lungu, sauran jikina yana gidan Hajiya.

Wadda ta fara iske ni wata akuya ce. Ta tsaya ta dube ni, ta sunsuna kitsona, ta soma tauna bakin ɗankwalina. Ina cikin korarta sai na ga wasu takalma da na sani sun tsaya a gaban hancina. Malam Sule ne, ya dawo daga gaisuwar mutuwa.

Ya ce, "Subhanallahi! Wannan kan na wane ne?" Ya sunkuyo ya duba da kyau. "A'a, ke ce? To ina sauranki?"

Kafin in ba shi amsa, sai na ji muryar Ladidi ta bayan katanga, da iya ƙarfinta: "Hajiya! Hajiya! Ga rabin Yaya a bayan madafa!"

Na ji gudun ƙafafu. Na ji Inna Tabawa tana salati, sannan ta kama idon sawuna ta ja kamar mai jan guga. Na ƙwalla ƙara, Malam ya ɗaga murya ya ce a dakata kada a raba yarinya biyu. Can sai muryar Hajiya ta tsallako katanga, a natse, kamar mai tambayar farashin kuɓewa.

"Malam Sule, hannuwanta suna wajenku?"

"Suna nan, Hajiya, duka biyu."

"To madalla. A ce wa mai lamba ya zagaya."

Yaran gidan kaf suka biyo shi ta zaure, suka cika lungu. Mata suka leƙo ta kan katanga, masu wucewa suka tsaya, har wani mai jaki ya ɗaure jakinsa don ya ga ƙarshen abin. Ni kuwa, wadda ta ce ko ido ba za ta ƙifta ba, ina kwance cikin ruwan wanke-wanke ina ihu: "Wayyo Allah, zai ƙona ni! Ni ba saniya ba ce! Malam, kada ka bari ya yi mini lalas!"

Mai lamba, Allah ya jiƙansa in ya rasu, bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ce, "Yarinya, wutar ta ƙarfe ce, ba taki ba. Datti nake kashewa da ita. Ga shi, ya huce tuntuni." Ya ɗora a bayan hannunsa ya nuna mini. Ina! Ban saurare shi ba. Na runtse ido, na ci gaba da kururuwa ina kiran iyayena da suka daɗe a ƙasa. Sai da maƙogwarona ya bushe na ji yana cewa, "To ki huta mana, ai na gama tun ɗazu."

Na buɗe ido. Ɗan karce ne a dantsena, ko kaza ta fi haka yaƙushi.

Lungu ya ɗauki dariya. Ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, sai dai rabina dama yana ciki. Ana cikin haka Ladidi ta kutso ta tsuguna a gabana. Ita kaɗai ce ba ta dariya. Ta kama bakin zanenta ta goge mini taɓo da majina, ta ce, "Yaya, da zafi?"

Na so in ce da zafi, ko na sami abin rufe kunya. Amma idonta na kaina, kuma na tuna gawar yaron nan da aka fitar. Na ce, "Babu zafi, Ladidi. Tsoro ne kawai."

Ta miƙe ta miƙa wa mai lamba hannunta. Sauran suka biyo, a nan cikin lungu, a gaban fuskata, don ba wanda ya yarda ya koma ciki ya rasa kallo. Har wata maƙwabciya ta fito da ɗanta, jikinsa duk ƙaiƙayin rumbu, ta ce a yi masa tunda ta gani da idonta. Ni dai ina nan kwance har aka kira magini, ya jiƙa katangar, ya ɓanɓare gefen ramin da fartanya, aka zaro ni kamar rogo.

Na yi wanka na shige ɗaki, na ƙi fitowa ko cin abinci. Bayan la'asar Hajiya ta aiko a kira ni. Na tafi ina jiran bulala. Ta sa na zauna kusa da ƙafarta, ta ce, "Me kika gani?"

Na gaya mata zancen babana da shanu da ƙarfe. Ban taɓa yi wa kowa maganar babana a gidan ba sai ranar, kuma da na fara sai kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata.

Ta ce, "Da kin faɗa mini."

Na ce, "Ai kin ce ni ce babba."

Ta ce, "To babba ba shi da zuciya ne? Ni ma da na ga ƙarfen nan sai da gabana ya faɗi." Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta rufe baki da mayafi. "Amma fa ƙafafun nan naki, yadda suke wutsil-wutsil a bayan madafa..." Ba ta iya ƙarasawa ba. Ta yi dariya har da hawaye, ni ma ban san lokacin da na kama ba. Ta ɗauko alkaki daga cikin kwalla ta ba ni, ta ce in je in ci tuwona kafin Inna Tabawa ta ba almajirai.

Hannuwanmu sun kumbura, mun yi ɗan zazzaɓi, muka warke. Agana ta yi ɓarna a unguwa a ranin nan, amma ba ta ɗauki kowa a gidanmu ba. Tabon yana nan a dantsena har yau. Sunan Rabin Yaya ma yana nan. Da shi aka kira ni har na bar gidan, kuma ranar da aka kai ni ɗakin miji, sai da ƙawayena suka tsaya a bakin ƙofa suka ce wa dangin ango su duba da kyau, ko duka aka kawo ko rabi.

Tun daga ranar, in abu ya ba ni tsoro, faɗa nake tun da wuri, a gaban kowa, yaro ko babba. Na gano kunyar faɗa ba ta kai kunyar maƙalewa ba. In kuma gudun ya zama dole, to, ina fara duban ƙofar, sannan in dubi ƙuguna.