Atishawa a Gaban Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaishe da baffan Hadiza a Ƙofar Wambai ba, lokacin ina neman aurenta.

Ba a daɗe da yi mini aiki a kunnen dama ba. Tun ina yaro yake ruwa, har ciwon ya cinye ɗaya daga cikin ƙananan ƙasusuwan da ke kai sauti ciki, na koma sai an maimaita mini magana. Likita ya dasa mini wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa a madadinsa, sannan ya kafa mini doka: ban da fyace hanci, kuma in atishawa ta zo, in sake ta baki a buɗe. In na danne ta, ƙarfen zai iya gocewa, a koma gidan jiya.

Na zauna a zaure, kai a sunkuye, sai ka ce mutumin kirki. Aka kawo farantin masa, ga yaji a gefe. Na ce na ƙoshi (ƙarya nake, tun daga gidanmu a Yelwa cikina ke kuka).

Baffa ya ce, "Haba ɗana, nan ma gidanku ne. Sa hannu."

Na sa hannu. Ban gama tauna loma ta biyu ba yajin ya haura mini hanci.

Jama'a, na shiga uku. In na toshe baki, kunnena ya tafi. In na buɗe, Hadiza ta tafi. Ina son Hadiza har cikin raina, amma tsoron komawa ƙarƙashin wuƙar likita ya fi ƙarfina. Kafin ma in kawar da kai atishawar ta iso. Na wangale baki na sake ta yadda aka koya mini, ban rage komai ba.

Da na buɗe ido, sai ga masar a gemun Baffa da gaban farar rigarsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tsohon ya ɗauki lokaci yana tsince gemunsa, sannan ya ce, "To ka ce alhamdu lillahi mana, mu samu mu yi maka addu'a."

A nan na tabbatar aikin likita ya yi kyau, don dariyar da mata ke dannewa a cikin gida da kunnen dama na ji ta, har na ware muryar Hadiza.

An dai ba ni ita, Baffa mutum ne mai haƙuri. Amma har yau in na je gaisuwa, yana hango ni zai ja tabarmarsa baya. Ni kuwa na koyi cewa wanda likita ya hana rufe baki ba shi da abin nema a zauren surukai.