Jabiru Wanzami da Fuskar Ɗan Ardo

Ranar Laraba ce, ana zafi. Jabiru wanzami yana zaune a rumfarsa ta bakin tasha a Azare, ya ce duk ƙasar Katagum babu mai sanin fatar ɗan Adam kamarsa.

Abin da ya jawo maganar, ya raka ƙanin matarsa wani asibiti a Kano, ya leƙa ta taga ya ga likita yana goge wa wata mata tabon ƙuraje da ɗan inji. Minti biyar ya yi a tagar aka kore shi. Da ya dawo ya ce kwas ya je.

"Gogewa ce kawai," in ji shi. "Abin da kafinta yake yi wa ƙofa. Sai dai su sun sa farar riga."

A cikin masu saurare akwai Bappayo, ɗan Ardon wata ruga ta wajen Bulkachuwa. Gidan Ardo shi ne abincin Jabiru. Askin suna da kaciya da ƙaho, duk shi ake kira, tun zamanin ubansa. Bappayo kuwa takarar kansila ya fito a shekarar, saura mako uku a ɗauki hoton fasta, ga kumatunsa duk ramukan ƙurajen samartaka. Abokin takararsa Umara ne, Babarbare. Ka san Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa su rabu ba a yi tsiya ba.

Bappayo ya nuna ramukan kumatunsa. "Malam Jabiru, za su fita?"

"Zauna."

Jabiru ya aika aka karɓo samfefa wurin kafinta. Ya goge kuncin dama, ya goge na hagu. Bappayo ya riƙe ƙafar benci, ya daure, don Bafillatani ba ya kuka a kasuwa. Fuska ta yi ja. Ramuka suna nan.

"Sun fara jin tsoro," in ji Jabiru. Ya matse lemon tsami a ruwan kanwa ya shafa.

Kwana biyu Bappayo ya dawo da fuska kamar kabewa, ido ɗaya a rufe.

"Ramukan fa?" Jabiru ya tambaye shi.

"Ban gan su ba."

"To."

"Hancina ma ban gan shi ba."

"Shi zai dawo."

Kumburi ya saɓe, hanci ya dawo, ramuka ma suka dawo. Gogan naka ya duba, ya ce ya gano inda likitan Kano ya kasa. Mataccen jini ne a ƙarƙashin kowane rami, sai an yi masa hanya, kamar yadda ake yi wa ruwa a gona. Ya zaro aska. Niyyarsa ya haɗa rami da rami. Amma hannun da ya shekara talatin yana yi wa jarirai zane bai san karkata ba. Ya ja daga gefen ido har haɓa, ya ja na kusa da shi, ya ga dama ta fi hagu, ya daidaita. Ya ga goshi ya zauna fili, ya sa masa ɗaya. Ya shafa baƙin tukunya, don haka aka saba, ya naɗe da tsumma.

Ranar kwancewa Ardo ya zo da kansa. Umara ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi. Aka warware tsumma. Zane ya fito tsaf, baƙi, dogaye, irin na Barebarin asali. Ramukan suna nan a tsakanin layuka, ko ɗaya bai ɓata ba.

Umara ya gyara hula, ya miƙa wa Bappayo hannu biyu.

"Wushe, wushe," ya gaishe shi da Barbarci. "Ashe namu ne kai? Ardo, a ina ka tsinci yaron nan? Da an faɗa mini ƙanina ne, ai da na janye masa."

Ardo ya dubi fuskar ɗansa. Sannan ya juyo.

"Jabiru, Bafillatani ya zo hannunka."

"Ranka ya daɗe, in aka duba aikin ta fuskar tsabta..."

"Yana gogewa?"

"Wannan kam har kabari."

"Jikana za a yi wa suna ran Asabar. Kada ka zo. Mu Fulanin ba mu da yawa."

Umara ya tsaya a bakin rumfa yana shelanta wa 'yan tasha cewa duk mai son komawa Babarbare ya zo, an buɗe ofis.

Washegari da sassafe Jabiru ya rataya zabirarsa ya hau motar Dambam, ya ce zai je duba ɗan'uwansa. Ba shi da kowa a Dambam.