Sarkin Kunne da Akwatuna Biyu

Ranar da aka yi rabon kunne, mijin 'yata ne a gaban layi. Mu da muka makara aka ba mu ragowa, irin na jin sallama da kukan jariri. Nasa kuwa yana jin ƙura in ta sauka a kan waya. Yana jin firij in ya yi tari a kicin, sai ya ce wutar gidan ta gurɓace. Abokansa suna kiransa Sarkin Kunne, shi kuma yana amsawa da ɗan murmushin mutumin da aka faɗi gaskiya a kansa. Ni suruka ce, ba na sa baki. Ido kawai nake sawa.

Babba ne a ofishin awon filaye, don haka falon gidan ma sai da ya sha awo. Ya kwashe kujeru kaf, ya bar guda ɗaya a tsakiya, ya zagaye ƙafafunta da salatif don kada wani jahili ya gusar da ita. Ya kafa sifiku biyu, kowace ta kai ƙirjin mutum. Ya manna wa bango soso. Shekara tara ke nan muna karɓar baƙi a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, gwiwa na gugar gwiwa.

Ya taɓa yi mini bayani, Allah ya saka masa. "Inna, ɗaki ma kayan kiɗa ne. In kika zauna a nan, jikinki zai shanye rabin sautin."

Na duba jikin nawa, ban ga inda zan zuba shi ba.

To bana sai ya wayi gari ya ce kayan sun tsufa, kunnensa ya wuce su. Laifin wai na wani ƙaramin akwati ne da suke kira firiyam. Yana zaune tsakanin na'urar faifai da babbar amfilifaya mai tura ƙara cikin sifiku. Ba shi ke waƙar ba, ba shi ke ihun ba, amma dole a bi ta hannunsa. Dillali ke nan. Mai shago ya ba shi aron guda biyu ya gwada ya zaɓa. Ɗaya yana da kwalabe a ka, suna ja kamar garwashi, zafinsa ya isa ya busar da safa. Ɗayan baƙi ne shafal, ba fitila ba fara'a.

Ya kira majalisarsa: wani likitan haƙori da wani tsohon lauya, su ma masu kunne ne, amma ƙanana. Suka tsaya a bayan kujera, hannu a ƙirji, kai a sunkuye, kai ka ce gawa aka kawo. Sarki ya rufe ido ya yanke hukunci.

"Mai kwalabe ɗumi gare shi. Yana da tausayi. Sautinsa zagayayye ne, yana da ɗan maiƙo a tsakiya. Baƙin kuwa mai gaskiya ne, amma ba shi da ladabi. Yana faɗa maka komai a tsaye."

Likita ya ce wallahi abin da ke bakinsa ke nan. Lauya ya ce shi ma ya ji maiƙon. Ni daga lungu abin da na ji bai wuce abin da nake ji kullum ba, amma ni na makara a layi.

Kwana goma ana wannan shari'a. Ana kashe firij, nama yana narkewa. Ana kashe fanka, muna narkewa. Sai ga babbar jikata ta haihu, masu zuwa ganin jariri suka fara bugo waya suna tambayar hanya. 'Yata malamar makaranta ce, ta saba da yaran da ke cewa sun iya karatu. Ta same shi yana goge kwalabe da auduga.

"Baban yara, falo nake so."

"Falo? Ana tsakiyar gwaji?"

"To mu yi gwajin gaba ɗaya. A rufe maka ido, a kunna sau uku, ka faɗi wane akwati ne ke aiki. Ka ci biyu, na bar maka falo har abada, ko tari ba zan ƙara yi a cikinsa ba. Ka faɗi, ko ka buɗe ido kafin a gama, kujeruna su dawo, kayanka su koma sito."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ki tambayi mai ido ko rana ta fito? Na yarda. Likita da lauya shaida."

Ranar Asabar da hantsi mai gyara ya zo daga shagon don sauya wayoyi, wani dattijo mai shiru wanda ya ga irin wannan da yawa. Aka ɗaure wa Sarki fuska da ɗankwalin matarsa mai furanni. Ya ce a kula kada ƙyallen ya taɓa kunne. Ya sa aka ɗauko faifansa na gwaji, wanda ya ce da shi yake auna kowane kaya tun ranar da ya saye shi. 'Yata ta riƙe rimot.

Aka kunna. Wata mata ta ja numfashi, aka bugi ganga sau uku, ta buɗe baki ta ce "aaa". Sarki ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Ya isa. Mai kwalabe ne. Ɗumin har ƙirjina."

"Baƙin ne, yallaɓai," in ji mai gyara.

Sarki ya ce wayoyin ba su gama zama ba, kuma wani ya yi motsi a bayansa. Lauya ya ja da baya.

Aka sake. Numfashi, ganga uku, "aaa", hannu sama.

"Baƙin ne!"

Wannan karon ya dace. Likita ya yi tafi. Sarki ya gyara zama, ɗankwali ya yi masa kyau ƙwarai. Abu biyu ne dai a gabansa, ko akuya aka tambaya za ta dace sau ɗaya.

Saura na uku, falo yana kansa. Numfashi, ganga, "aaa". Hannu ya tashi. 'Yata ta dubi hannun, ta dubi rimot, ta ce, "Wannan na ƙarshe ne, baban yara. Ka ji da kyau, kada ka ce an yi maka gaggawa."

Ta bar faifai ya ci gaba. Matar ta gama "aaa" ɗinta ta shiga magana. Sarewa ta shigo. Can sai ga muryoyin maza suna amsa mata. Na ga wuyan Sarki yana miƙewa. Kan a ce kwabo ya fizge ɗankwali ya yi jifa da shi.

"Maguɗi! An canza mini faifai! Nawa babu sarewa! Su wane ne waɗannan ƙartin?"

Mai gyara ya matsa wurin na'urar faifai. Ya danna, faifai ya fito, ya miƙa masa. Nasa ne, har da ɗan tabon da ya yi masa da alƙalami. Shekara tara yana saka shi safe da yamma, bai taɓa barin baiwar Allah ta wuce "aaa" ba. Da ta buɗe baki sai ya tsayar, ya sauya waya, ya mayar da ita farko. Ya juya wajen majalisa neman agaji. Likita yana duba agogo. Lauya ya ce shi gaskiya, a matsayinsa na shaida, an buɗe ido.

Kafin la'asar kujeru sun dawo. Aka ɓamɓare salatif. Mai gyara ya tambaya wanne za a bari, wanne zai mayar shago. Sarki ya ce ya kwashe duka biyun, don binciken da ya yi ya nuna masa cewa matsalar daga falon take, kuma da ma ya daɗe yana sha'awar sito, saboda ƙaramin ɗaki ya fi riƙe sauti.

Washegari falo ya cika da mata, jariri yana yawo hannu zuwa hannu. Sarki yana sito tsakanin bokitai da tsohuwar katifa, ya mayar da tsohon firiyam ɗinsa bakin aiki. Rimot ya ɓace a wajen kwashe kaya, sifika ɗaya kuma ta tare hanyar zuwa wurin maɓalli, don haka faifai ya yi ta tafiya abinsa har ya ƙare. Jim kaɗan sai ga shi a bakin ƙofa, ido ya yi ja, yana neman matarsa a cikin taro.

"Maman yara," ya ce, "ashe mijin nata mutuwa ya yi?"