Rasuwar Dogo Mai Ƙafa Uku

Da zuciya mai nauyi da ido mai ƙwalla, ni malamin aji shida nake sanar da 'yan'uwana malamai, iyayen yara da ɗalibai rasuwar Dogo, abin ɗora kyamarata mai ƙafa uku. Ya rasu ranar Talata da hantsi a filin makaranta, a bakin aikinsa, muna shirin ɗaukar hoton bankwana da ɗaliban da za su bar mu ranar Juma'a.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da sauƙin kai. Ranar da na je sayensa, mai kanti ya tambaye ni me zan riƙa ɗauka, kuma yaya nauyin kyamarata. Na ce hoton aji ne, kyamarar kuwa ba ta fi sabulun wanka nauyi ba. Sai ya miƙo mini Dogo, siriri, marar nauyi, in an naɗe shi ya shige jaka. Mai kantin ya ja mini kunne kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Albarkacinsa nake fitowa a hoto tare da kowane ajin da na yaye. Nakan saita kyamara, in danna, in ruga in shiga layi ina haki, shi kuwa ko gezau. Duk tsawon koyarwata, shi kaɗai na taɓa ce wa ya tsaya cik ya kuma tsaya. Bai san ƙorafi ba, in ban da ɗan “ƙiii” da yakan yi in an buɗe ƙafarsa ta hagu.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Malamin lissafi, bisa kyakkyawar niyya, ya aro kyamarar surukinsa mai gilashi tsawon damtse, wai hoton bana ya fi na bara kyau. Na tuna masa da gargaɗin mai kanti. Ya ce ya auna da ido, Dogo zai ɗauka. Aka ɗora masa ita, muka jeru, gajeru a gaba, dogaye a baya, shugabar makaranta a tsakiya. Sai Dogo ya sunkuyar da kai a hankali kamar mai gaida manya, ya ce “ƙwas”, ya durƙusa. Hoton ƙarshe da ya bar mana shi ne na takalman 'yan layin gaba. Kyamarar suruki tana nan lafiya, marigayin ne ya tare mata ƙasa.

Ya rasu ya bar ƙafa biyu masu ƙoshin lafiya, jakarsa mai yagaggen zif, ƙaramar kyamarata da ta zama marainiya, da wata ƙusa da har yau ba mu gano daga ina ta fito ba. Mai walda ya duba shi, ya girgiza kai, ya ba mu haƙuri.

Za a raka shi ranar Alhamis bayan an tashi, zuwa lambun makaranta, inda za a kafa ƙafafunsa tumatir ya jingina. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin malamai. Mai niyyar kawo magaji, don Allah ya fara auna kyamarar a sikeli.

Ranar Juma'a da safe za a sake ɗaukar hoton kafin yaran su watse. Tunda babu Dogo, dole wani ya riƙe kyamara ya haƙura da shiga ciki, ni kuwa ba zan iya barin yaran nan su tafi babu ni a hotonsu ba. Malamai sun zauna, kuma baki ya zo ɗaya. Ana roƙon malamin lissafi ya zo da wuri, ya kuma karya kumallo sosai, kada hannu ya yi rawa.