Ranar da Nomau Ya Yi wa Mota Fifita

A Tungar Gawo an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, ga ƙarfi ga kunya, kuma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Amma fa idan za ka sa shi aiki, to ka auna maganarka kafin ta fita, don yadda ka faɗa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tasalla ta fi kowa sanin haka. Ita ce ta taɓa ce masa ya tsare mata lambu kada akuya ta shiga, ta dawo daga rafi ta tarar jakin maƙwabta ya share yakuwar tas, gogan naka kuwa yana tsaye da sanda. Ya ce, "Ai akuya kika ce." Duk da haka tana son abinta, wanda duk ya ce masa wawa a gabanta, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu. 'Ya'yansu biyu, duk mata.

Wata damina ruwa ya yi gyara, ya tafi da gonarsu da ɗakunansu. Tasalla da yara suka raɓe a gidan kawunta, shi kuma Nomau ya nufi Funtuwa wurin yayanta Sallau, mai garejin wanki da goge fentin mota. Sallau ya nuna masa wani ɗaki a bayan garejin, da kwaɗo a ƙofarsa. Ya ce, "Idan ka kai Babbar Sallah ba ka kashe mini kasuwa ba, ɗakin nan naka ne, ka kawo ƙanwata da yara. Idan ka gaza, ka koma inda ka fito." Allah Sarki, tun daga ranar kullum da safe sai Nomau ya share ƙofar ɗakin nan kafin ya karya.

Injin goge fenti biyu ne a garejin. Ɗaya suna ce masa mai gudu, juyawa kawai yake da ƙarfi, yana cire karce nan da nan, amma a hannun da bai ƙware ba sai ya ƙone fenti. Ɗayan mai rawa, yana juyawa yana karkarwa, ba ya sauri kuma ba ya yawan ɓarna. Kowanne akwai faifan roba da ake ɗaurawa a bakinsa, a jikin faifan kuma ake manna soson da ke goge motar.

Wata rana Sallau ya ce, "Nomau, je ka kasuwa ka sayo faifai mai inci biyar. Tafi da inji, ka ɗaura ka kunna. In ka ga yana girgiza jabu ne, kada ka karɓa." Nomau ya sungumi injin da ya fi kusa da shi, ashe mai rawa ne. A shago ya ɗaura faifai ya kunna, abu ya kama karkarwa. Ya ce, "Jabu." Aka kawo wani, "Jabu." Sai da ya gwada ashirin da uku. Mai shago ya jiƙe sharkaf da gumi, ya ce, "Malam, wannan injin ai rawa ce sana'arsa!" Nomau ya ce, "Ni dai Yaya ya ce in ya girgiza jabu ne." Ya juya wurin masu saye ya yi musu nasiha tsakani da Allah, su daina zuwa shagon. Mai shago da kansa ya rako shi har gareji, yana tafe yana kumfar baki, Sallau ya yi ta ba da haƙuri har da cire hula.

Wata rana Sallau yana koya masa haɗa kaya. Ya ce, "Kullum soso ya fi faifai faɗi, don kada bakin faifan ya taɓa fenti ya yanke shi. Ka ji?" Nomau ya ce ya ji. Sallau na shiga masallaci, Nomau ya duba sosunan gareji ya ga faɗinsu bai gamsar da shi ba. Ya farke matashin kujerar Sallau, ya yanko katifar ciki kamar faɗin tire, ya ɗaure ta a faifai da igiya, ya lafta mata man goge, ya kunna mai gudu. Kai jama'a! Mai ya yi feshi ko'ina. Mai shayin bakin gareji da mutum huɗu da ke zaune kan benci suka tashi fari fat, har da burodin. Da Sallau ya fito ya riƙe kai, Nomau ya ce, "Yaya, ka ce ya fi faɗi, ba ka ce da nawa ba." Sallau ya dubi kujerarsa, ya dubi surukinsa, ya ce a ransa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wata rana kuma ya ba shi mai rawa da bonet ɗin wata tasi. Ya ce, "Dokar inji ɗaya ce: kada ka bar shi ya tsaya wuri ɗaya. Yi ta tafiya da shi har in dawo." Nomau ya gama bonet, Sallau bai dawo ba. Ya bi ƙofofi, ya bi but, ya gama tasi. Ya tsallaka kan babur ɗin wani ɗan acaɓa, daga nan ya hau durom ɗin ruwa, ya goge ƙyauren gareji, ya goge kwanon mai ƙosai tana ihu. Yana kan allon sanarwar makarantar da ke maƙwabtaka da su, ya riga ya cinye rabin sunan makarantar, aka yi sa'a aka ɗauke wuta. Wannan karon Sallau ya ɗaure fuska. Ya ce, "Saura ɗaya, Nomau. Ka ƙara ɗaya, wallahi ka tafi." Jikin Nomau ya yi sanyi, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Wata rana, jajiberin Sallah, ranar ƙarshe ta wa'adi, ma'aikata duk sun tafi garuruwansu, Sallau kuma ya tafi kasuwar dabbobi sayen rago. Da hantsi sai ga wani direba mai suna Mati da wata ƙatuwar jif, baƙa ƙirin amma ba ƙyalli ko kaɗan, kamar gindin tukunya. Kwanansa uku da kama aiki a gidan wata attajira, Hajiya Lantana, yana so ya burge ta. Ya kira Sallau a waya ya ce a sa motar ta yi walƙiya kafin la'asar. Sallau yana tsakiyar ciniki, bai ga mota ba, ya ce a ba Nomau wayar. Ya ɗaga murya cikin kukan raguna: "Ɗauki mai gudu da babban faifai, ka goge ta har ta yi ƙyalli. Amma taɓa jikinta tukuna. In da zafi, kada ka sa mata inji sai ta huce."

Mati ya ajiye mota a tsakiyar fili, ya sa makulli a aljihu ya tafi aski. Nomau ya haɗa inji tsaf, ya ɗora tafin hannu a bonet, ya janye da sauri. Zafi! Ya jira, ya sake taɓawa, zafin ma ƙaruwa ya yi. Baƙar mota a tsakar rana, yaushe za ta huce? Kowa ya san inuwa ake tura ta, amma ba wanda ya ce wa Nomau inuwa. Hankalinsa ya tashi, ga lokaci yana tafiya. Sai ya kwance babban faifan daga inji, ya kama yi wa mota fifita. Ya fifita bonet, ya zagaya ya fifita ƙofa, yana yi yana lallashinta: "Huce mana, baiwar Allah, iyalina na jira." Haka ya yi har la'asar, fita ɗaya ya yi ya yi sallah ya dawo.

Sallau ya dawo yana jan rago, ya tarar da mota yadda aka kawo ta, da surukinsa yana yi mata fifita. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya ce, "Na yi iya yina saboda Tasalla. Tattara kayanka." Nomau ya ce, "To, Yaya." Ya ɗauko buhun kayansa daga ƙarƙashin benci, hawaye na zuba, yana tunanin da wane baki zai gaya wa 'yan matansa.

Bai kai ƙofa ba sai ga adaidaita ta ci burki. Ashe Hajiya Lantana ta ji inda aka kai motarta. Ta diro, mayafi a hannu, Mati na biye da ita kamar an tsamo shi daga rijiya. "Kun taɓa ta? Don Allah kun sa mata inji?" Ta zagaya motar tana shafawa, sannan ta dafa ƙirji ta yi hamdala. Ashe fentin haka aka yi shi da gangan, marar ƙyalli, kuma shi ne tsadar motar. Inji na taɓa shi zai yi dabbare-dabbare, ba gyara sai an kankare an sake fesa ta gaba ɗaya. Sallau ya zauna a ƙasa kusa da rago, don ya san da an taɓa ta, ko garejin ya sayar ba zai iya biya ba.

Hajiya ta ce, "Wa aka ba aikin?" Nomau ya matso da buhu a kafaɗa, ya durƙusa. "Ni ne ban yi ba, ranki ya daɗe. Ta ƙi hucewa." Da aka ba ta labarin fifita, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Wani hanin ga Allah baiwa ne. Sauran motocina nan za a riƙa kawo su, amma wannan bawan Allah nake so ya taɓa su."

Bayan ta tafi, Sallau ya miƙe daga ƙasa. Ya laluba aljihu, ya miƙa wa Nomau makullin ɗaki, ya ce, "Je ka kawo su yanzu-yanzu, su yi Sallah a ɗakinsu."

Sallau ya juya ya ɗaure rago, ya waiwayo don ya ba shi kuɗin mota, wayam, ba Nomau. Sai da ya bi shi a kan babur, ya cim masa can bayan gari, ba takalmi, makulli a dunƙule a hannu, yana sheƙa gudu ya nufi Tungar Gawo. Sallau ya sha gabansa ya ce, "Hau, mu je tare."