Yadda Ake Zana Filin Suruki a Haarlem

Abin da na shigo da shi kwalekwalen zuwa Haarlem, garinmu a ƙasar Holan: riga biyu, baƙin alli, takardu, da ilimin zanen da na kwaso a Rum. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin sakamako irin nawa sak.

1. Manta da Rum

Can tsaunuka ne da alloli tsirara. Nan ƙasa ce shimfiɗe kamar tebur, kakanninmu suka ƙwato ta daga teku. Shi ya sa har mai sayar da cuku ke son ganin nasa yankin a bango.

2. Samu suruki

Nawa Wouter ne, mai shanya yadi a fili har ya yi fari. 'Yarsa Aeltje nake nema. Ya ce, "Kai ɗan Rum, zana min filina yadda Allah ya yi shi. Ban son ƙarya. In ya yi kyau, sai mu sa rana."

3. Yarda da shi

Dattijo ba ya faɗin abin da ba ya nufi.

4. Hau tudun yashi

Zana duk abin da ido ya gani: filin Wouter, kwatarsa, shingensa da ya karkace. A gefe, filin maƙwabcinsa Gerrit, wanda ya ninka nasa, yadinsa kuma ya fi fari. Kada ka rage komai. Masana na kiran wannan amana.

5. Kai masa gaban iyalinsa

Wouter ya daɗe yana kallo.

"Gerrit ne ya aiko ka?"

"Baba, haka wurin yake."

"Na san haka yake! Kowace safiya da shi nake buɗe ido. Sai kuma in rataye shi a ɗakina?"

Aeltje ta matso, ta rage murya. "Kai kuwa, bishiya ɗaya ta gagare ka? Ka ɗora ta kan filin Gerrit. Kowa haka yake yi."

"Babu bishiya a wurin."

Ta koma bayan ubanta. Uwarta ta ce, "Gajimaren dai sun yi kyau."

6. Ɗauki hularka

Kada ka tsaya jiran rakiya.

Wanda ya bi matakan nan ya rasa mata, kada ya neme ni, ban san shi ba. Ni dai tun da Wouter ya buga ƙofarsa a bayana na yanke shawara: a duk zanena, ƙasa 'yar siririya a gindin takarda, sauran duk sama. A sama kaɗai ne Gerrit bai fi kowa ba.