Rasuwar Mai Baki Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Malam Basiru mai shela na Garin Ɗinya, kusa da Makoda, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu murna, rasuwar lasifikarsa, wadda aka fi sani da Mai Baki Biyu. Ta rasu ranar Talata da hantsi a filin makarantar firamare, tana da shekara goma sha tara.

Don tsokana gari ya laƙaba mata wannan suna. Gaskiya ne kwayil biyu ke cikinta, wato naɗin siririyar waya mai fitar da murya, kowanne da bakin da ake ɗaura masa waya, amma ba a taɓa kama ta da magana biyu ba, shaidar da wasu masu baki ɗaya ba za su samu ba. Duk farkon damina Malam Basiru kan ɗora mata mitar awon lantarki, kowane kwayil ya nuna uku da ɗigo shida a ma'aunin da ake kira om, ba ƙari ba ragi. Ya taɓa auna muryarta da ƙafa. Taku dubu da ɗari biyu daga ƙofar mai gari, manomi a duƙe yana jin, "Jama'a, taki ya iso, kowa ya zo da buhunsa!" Sau huɗu cigiyarta tana mayar wa Inna Hure tunkiyarta da ta ɓata. Ba ta fara magana sai ta yi gyaran murya, ƙurrr, kamar dattijuwar arziki.

Marigayiyar ba ta yi jinya ba. Alhaji Mati, shugaban ƙungiyar manoman gyaɗa, shi ya are ta don taro, ya miƙa wa surukinsa Kamaruddeen, wanda ya ce ya karanci lantarki a birni. Shi kuwa ya raina ɗan gwajin da kowane mai gyaran rediyo ya sani, wato a taɓa batir a kowane baki, a ga takardar fuskarta gaba take yi ko baya. Ya haɗa jar waya da baƙa a juye. Kwayil ɗaya na turawa, ɗaya na janyewa, baiwar Allah ta yi shiru. Da ya ji shiru sai ya ƙure ƙara, kamar yadda ake yi wa jaki in ya tsaya. Hayaƙi ne kalmarta ta ƙarshe.

Ta bar amfilifaya ɗaya, makirufo mai ɗaurin roba, batirin mota da ba ya riƙe caji, da Malam Basiru.

Yanzu Alhaji Mati na bin majalisa majalisa da cewa tsufa ne ya kashe ta, don haka a karɓe shela daga hannun Malam Basiru a ba Kamaruddeen da sabon akwatinsa mai fitilu. Iyalan mamaciya ba su yarda ba. An sake ɗora wa gawar mita a gaban dattawa uku. Kwayil ɗaya ya tsinke. Ɗayan yana nan daram, uku da ɗigo shida.

Za a yi jana'izar ƙonannen kwayil ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan rumbun Malam Basiru. 'Yan jari-bola kada su wahalar da kekensu, ko mayen ƙarfenta ba na sayarwa ba ne. Wanda takardar nan ba ta kai gare shi ba kada ya damu. Marigayiyar da kanta za ta yi shelar jana'izarta, da bakin da ya rage mata, daga kan katangar da ke kallon gidan Alhaji Mati, kuma za ta faɗi sunan wanda ya haɗa wayar.